Sharhi: Yoga da fargabar jarrabawa, abin da numfashi zai iya yi wa ɗalibi da abin da ya fi ƙarfinsa

Ranar 21 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa yoga, kan faɗo ne a tsakiyar kakar jarrabawa a Najeriya. A daidai wannan lokaci ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare sun riga sun ga sakamakon JAMB, suna ƙarasa takardun WAEC, ga kuma NECO tana jiran su a bakin ƙofa. Yayin da ofishin jakadancin Indiya ke tara jama'a a Abuja da Legas, ana shimfiɗa tabarmi a fili ana miƙe gaɓoɓi, ɗimbin matasa na can a gidaje da ɗakunan kwanan makarantu suna kwana ido biyu, rabi don karatu, rabi don zullumin abin da gobe za ta haifar.

Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta sa tambayar da aka daɗe ana yi a wasu ƙasashe ta cancanci a yi ta a nan: shin atisayen numfashi da motsa jiki irin na yoga na iya rage wa ɗalibi ɗan shekara 15 ko 17 fargabar jarrabawa? Amsar ita ce yana iyawa, amma gwargwado. Sanin iyakar wannan gwargwadon ya fi muhimmanci ga iyaye da malamai da hukumomin ilimi fiye da yabon yoga ko kushe ta.

Fargabar jarrabawa ba ragwanci ba ce, ba kuma shagwaɓa ba. Abu ne da ke faruwa a cikin jiki. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai ta sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce ya tsaya a ƙirji, tafin hannu ya jiƙe da gumi, baki ya bushe, ciki ya murɗa. An halitta wa ɗan Adam wannan shiri ne don ya tsere wa abin da zai halaka shi, sai dai jiki ba ya bambance kura da takardar lissafi. Kaɗan daga cikin wannan zaburar na da amfani, domin ita ke sa ɗalibi ya tattara hankalinsa. Idan ta wuce kima kuwa, tunanin faɗuwa kan mamaye ɗan filin da ƙwaƙwalwa ke riƙe bayanai a cikinsa yayin warware tambaya. Shi ya sa yaron da ya yi bitar darasi daren jiya zai zauna ya yi tsuru-tsuru gaban tambayar da ya san amsarta, sai ya fito daga ɗakin jarrabawa amsar ta faɗo masa.

Ta wannan ƙofa ce yoga ke shigowa. Mutum ba shi da iko ya umarci zuciyarsa ta rage gudu, amma yana da iko da numfashinsa, kuma su biyun a ɗaure suke da juna. Duk lokacin da aka shaƙi iska, bugun zuciya kan ɗan ƙaru, idan aka fitar da ita kuma ya ɗan ragu. Wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da huhu da hanji ita ce ke taka wannan birki. Idan aka rage numfashi zuwa kamar sau shida a minti guda, aka kuma sa fitar da iska ta fi shaƙar ta tsawo, birkin kan ƙara kamawa, jiki ya fara saukowa daga halin ko-ta-kwana.

Sashen yoga da ya shafi numfashi ana kiran sa pranayama, kuma dabarunsa da aka fi koya wa ɗalibai ba su da wuya. Akwai numfashin ciki, inda ɗalibi zai ɗora hannu a cibiya, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu har ya ji cikin ya taso, sannan ya sake ta a hankali yana ƙirga shida ko takwas. Akwai na musayar ƙofofin hanci, a toshe ɗaya da yatsa a shaƙa ta ɗayar, sannan a juya. Akwai wanda ake kira bhramari, wato a rufe baki a fitar da iska da gunji mai kama da na ƙudan zuma, dabarar da ke tsawaita fitar numfashi ba tare da an yi ƙirga ba. A ɓangaren jiki kuwa, akwai miƙe wuya da kafaɗu da gadon baya, wuraren da doguwar zama kan benci ke ƙullewa, sai kwanciya rigingine na wasu mintoci ana sassauta gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya tun daga yatsun ƙafa, wanda ke taimaka wa mai neman barci. Ba kowane salo ne ya dace da mai fargaba ba. Salon fesar da numfashi da sauri-sauri na iya jawo jiri, ya ƙara wa mai firgici firgici, kuma mai asma ko farfaɗiya ko ciwon zuciya na bukatar shawarar likita kafin ya shiga atisaye mai tsanani.

Babu kuɗi a cikin wannan, babu kayan aiki, ba a bukatar wutar lantarki. Ɗalibin da ke zaune gaban kwamfuta a cibiyar JAMB yana jiran a buɗe masa tambayoyi zai iya yin numfashin ciki sau goma ba tare da na kusa da shi ya lura ba. Wannan shi ne ƙarfin hujjar masu son a kai yoga makarantu, kuma hujja ce mai nauyi.

Amma idan aka zo ga binciken kimiyya, da sauran rina a kaba. An yi nazarce-nazarce masu yawa kan yoga a makarantu, musamman a Indiya da Amurka, kuma galibinsu sun nuna raguwar damuwa. Matsalar ita ce yawancinsu ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma sun dogara ne da abin da ɗaliban suka faɗa da bakinsu game da yadda suke ji. Wani bincike da masana na Jami'ar Stanford suka wallafa a farkon 2023 ya gano cewa minti biyar na numfashi mai doguwar fitar iska a kullum, tsawon wata guda, ya kyautata yanayin zuciyar waɗanda suka yi shi, sai dai manya ne aka gwada, ba 'yan sakandare ba.

Gwaji mafi girma da aka yi a kan yara bai faranta wa masu fata rai ba. A Birtaniya, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford sun bi diddigin ɗalibai fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14 a makarantu sama da 80, inda aka koya wa wani kaso darussan tattara hankali da lura da numfashi, waɗanda 'yan uwan yoga ne na kusa. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna cewa darussan ba su fi koyarwar da aka saba yi amfani ga lafiyar ƙwaƙwalwar yaran ba. Dalilin da ya fi fitowa fili kuwa kowane malamin sakandare zai iya hasashen sa: yawancin yaran ba su yi atisayen a gida ba, da dama ma sun ce ya gundure su. Abin da ke yi wa baligi aiki saboda shi ya zaɓa, ba lalle ne ya yi wa matashin da aka tilasta wa a aji ba. Duk ma'aikatar ilimin da ke tunanin mayar da yoga darasin dole, da rajista da maki, ya kamata ta tsaya ta dubi wannan sakamako, domin babu abin da ya kai a mayar da maganin fargabar jarrabawa wata jarrabawar ban takaici.

Ƙasar da ta fi dacewa a duba ita ce Indiya, mahaifar yoga. Babu gwamnatin da ta tallata ta kamar ta Firaminista Narendra Modi. Shi ne ya gabatar da shawarar keɓe mata rana a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumban 2014, aka amince a watan Disamba da goyon bayan ƙasashe fiye da 170. A wannan shekarar ce ya kafa ma'aikata sukutum mai kula da yoga da magungunan gargajiya. Tun daga 2018 yake zama da ɗalibai duk shekara kafin jarrabawa yana ba su shawarar yadda za su kwantar da hankali, har ya wallafa littafi mai suna Exam Warriors a kan batun. Yoga na cikin darasin lafiya da motsa jiki a makarantun ƙasar.

Duk da haka, alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya sun nuna cewa ɗalibai fiye da 13,000 ne suka kashe kansu a 2021, aka kuma sake samun kusan wannan adadi a 2022. Ba duka ne jarrabawa ta jawo ba, amma tana cikin dalilan da aka lissafa. Birnin Kota da ke jihar Rajasthan, inda iyaye ke tura 'ya'yansu cibiyoyin horo don shirin jarrabawar shiga makarantun likitanci da injiniya, ya yi asarar ɗalibai fiye da 20 ta wannan hanya a 2023 kaɗai. Tushen matsalar ba ɓoyayye ba ne. Matasa fiye da miliyan 2 ke zana jarrabawar shiga likitanci duk shekara, guraben kuwa dubu ɗari ne da 'yan kai. Iyali kan ci bashi ko su sayar da gona don biyan kuɗin horo, yaron kuma ya san haka, yana ɗauke da nauyin a ƙirjinsa dare da rana.

Abin lura shi ne matakan da hukumomin Indiya suka koma ɗauka da abin ya yi ƙamari. A watan Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idojin da suka hana cibiyoyin horo ɗaukar yaran da ba su kai shekara 16 ba, suka kuma hana su yi wa iyaye alkawarin sakamako. A watan Yulin 2025 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarnin cewa duk makarantar da ke da ɗalibai 100 ko fiye ta samar da ƙwararren mai ba da shawara, ta kuma guji rarraba ɗalibai rukuni-rukuni bisa makinsu ko kunyata su a bainar jama'a. Wato ƙasar da ta fi kowa sanin yoga ta gane cewa ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ba ta jefar da tabarmar ba, amma ta juya ga tsarin da ke haifar da fargabar.

Najeriya ba ta bukatar a ba ta labarin wannan tsari, domin shekarar 2025 ta isa misali. A watan Mayu hukumar JAMB ta fitar da sakamakon ɗalibai kusan miliyan 1.95, inda fiye da miliyan 1.5 suka gaza samun maki 200 cikin 400. Kafin a ankara an fara ɗora laifi kan yaran zamani da wayoyinsu. Ɗalibai da iyaye suka dage cewa akwai lauje cikin naɗi, kuma a ranar 14 ga watan shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana share hawaye, ya amince cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Amincewa da kuskure a fili abin yabo ne a ƙasar da ba a saba da shi ba. Amma an kira yaran su sake zana jarrabawar daga ranar 16 ga watan, kwana biyu kacal bayan sanarwar, alhali da yawansu na tsakiyar rubuta WAEC. Tsakanin fitar sakamakon da amincewa da kuskuren, kafofin yaɗa labarai sun ruwaito mutuwar wata matashiya a Legas, wadda danginta suka ce baƙin cikin makin da ta gani ne ya kai ta ga ɗaukar ranta.

Makonni biyu bayan haka, a ranar 28 ga Mayu, takardar Ingilishi ta WAEC ta makara ƙwarai a cibiyoyi da dama, har aka ga hotunan yara suna rubutu da hasken tocila da fitilar waya cikin dare. Hukumar ta nemi afuwa, ta ce ƙoƙarin daƙile satar amsa ne ya jawo jinkirin. A watan Agusta kuma ta sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, sannan bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen duba takardu, adadin ya koma kashi 62.96. Dubban ɗaruruwan yara sun kwana da labarin faɗuwar da ba su yi ba.

Yarinyar da ta baro gida da duhun asuba don ta isa cibiya da ƙarfe shida da rabi, ko yaron da ya zauna tun rana bai ci abinci ba yana jiran takardar da ba ta iso ba sai bayan magariba, fargabarsu ba ruɗu ba ce da za a kore ta da numfashi. Tsoro ne da ke da dalili. Idan aka ce musu su koyi yoga aka tsaya a nan, an bar jaki ana dukan taiki. Haɗarin da ke tattare da irin waɗannan shirye-shirye ke nan a ko'ina: suna da arha, suna da kyau a hoto, kuma suna mayar da nauyin gyara kan yaron, alhali ba shi ya ɓata ba.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba na sahun gaba. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma likitocin wannan fanni a ƙasar ba su kai 300 ba ga al'umma fiye da miliyan 200. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu, sai dai a makarantun gwamnati da yawa ofishin suna ne kawai, ko kuma an ɗora wa mai riƙe da shi wasu darussan da suka cinye lokacinsa. A irin wannan hali, dabarar da yaro zai riƙe a hannunsa ya yi amfani da ita shi kaɗai ba abar raini ba ce. Sharaɗin shi ne malami ya san inda ta tsaya. Ɗalibin da ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa makonni, ko ya janye daga abokai, ko ya fara maganar gara ya mutu ya huta, ba atisaye yake bukata ba. Asibiti yake bukata, kuma a ranar.

Sai kuma batun da ba za a iya tsallakewa ba a ƙasa kamar Najeriya, wato addini. Yoga ta samo asali ne daga al'adun ibada na Indiya, kuma wasu sassanta, kamar rera kalmar om da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, na ɗauke da ma'anar bauta a wurin masu ita. Iyaye Musulmi da Kirista da ke ɗari-ɗari da ita ba jahilci ne ke damun su ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta wa Musulmi yoga mai haɗe da rere-rere da abubuwan bauta, majalisar malaman Indunusiya ta bi sahu a 2009, tana mai halatta ta idan motsa jiki ne zalla. A Indiya kanta, an cire gaisuwar rana daga shirin bikin farko na 2015 bayan ƙorafin ƙungiyoyin Musulmi. Ta ɓangaren Kirista kuwa, jihar Alabama ta Amurka ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, ba ta ɗage haramcin ba sai 2021, shi ma bisa sharaɗin babu rere-rere, babu gaisuwar namaste, a kira kowane motsi da sunan Ingilishi, kuma sai iyaye sun sa hannu. Saudiyya ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki a 2017.

Ƙasashen sun bambanta, amma iyakar da suka shata kusan ɗaya ce: a ɗauki numfashin da miƙe gaɓoɓin, a ajiye bautar. Makarantar da ta yi gaggawar kawo mai koyarwa ba tare da ta zauna da ƙungiyar iyaye da malamai ta bayyana abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, za ta tayar da ƙurar da za ta binne amfanin. Jijiyar da ke rage bugun zuciya kuwa ba ta san sunan atisayen ba. Ko an kira shi yoga, ko an kira shi motsa jiki da daidaita numfashi a ƙarƙashin darasin lafiya da wasanni da ke cikin manhaja tun tuni, aikin ɗaya ne. Yaran da suka tashi cikin salla da zikiri, ko addu'ar safe da waƙoƙin coci, ba baƙi ba ne ga zama cikin natsuwa, kuma da yawansu can suke samun abin da wasu ke nema a kan tabarmar yoga.

Akwai ma abubuwan da suka fi yoga sauƙi waɗanda makarantu ke take wa da kansu. Masana barci na cewa matashi na bukatar awa takwas zuwa goma a dare, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Amma al'adar kakar jarrabawa ita ce karatun kwana, da kofi da goro, wasu har da tsoma ƙafafu a bokitin ruwan sanyi don kore gyangyaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar awa guda ta motsa jiki a kullum ga masu shekara 5 zuwa 17, amma lokacin wasanni shi ne abu na farko da ake yankewa da zarar ɗalibi ya shiga ajin ƙarshe, a cike gurbinsa da ƙarin darasi har la'asar. Makarantu masu zaman kansu da dama a birane ma ba su da filin wasan. Makarantar da ta ƙwace wa yaro barcinsa da ƙwallonsa, ta karanta sunansa a taron safe a matsayin na ƙarshe a aji, sannan ta ware masa minti goma na numfashi ranar Laraba, ta karɓe da hannun dama abin da ya ninka wanda ta bayar da hagu.

Inda za a ga amfanin abin shi ne a makarantar da ta bar shi ƙarami kuma na ganin dama: minti uku zuwa biyar a farkon darasi, tun daga zangon farko ba sai ana saura mako guda jarrabawa ba, domin jikin da bai saba ba ba zai tuna da dabarar ba a ranar da ciki ya ɗuri ruwa. Malamin wasanni zai iya koyon ta cikin 'yan kwanaki. Binciken na Birtaniya ma ya gano wani abu da ba shi aka fita nema ba: malaman da suka samu horon sun ba da rahoton raguwar gajiya da ƙosawa da aiki, ko da yake tasirin ya dusashe bayan shekara guda. A ajin da malami ɗaya ke fuskantar yara 80 ko 100, mai yiwuwa shi ne ya kamata a fara koya wa.